Aji ko Gidan Malami: Tafiyata zuwa Gando da Amintattun Wata Ƙungiya

Faransanci ne ya haɗa ni da su, sai kuma ɗan sanin lissafin gini da nake da shi. Wata ƙaramar ƙungiyar agaji ce mai rajista a Ingila, aikinta gina makarantun firamare a ƙauyukan Afirka ta Yamma. Uku daga cikin 'yan kwamitin amintattunta, wato masu riƙon amanar ƙungiyar da kuɗinta, za su je Burkina Faso duba wani aiki da suka zuba wa kuɗi, kuma a cikinsu babu mai jin Faransancin da ya wuce gaisuwa. Aka nemi in raka su in yi tafinta, in kuma duba takardun ɗan kwangila ko abin da ya rubuta shi ne a ƙasa. Wannan tun kafin tsaro ya taɓarɓare a gabashin ƙasar ne, lokacin da mota ke fita daga Wagadugu, babban birnin ƙasar, ba tare da an tsaya tambayar wanda ya dawo jiya halin da hanya ke ciki ba.

Shugabar kwamitin tsohuwar malamar firamare ce, ta shugabanci makaranta har ta yi ritaya, mace mai ƙarancin magana da yawan rubutu. Ma'ajin dattijo ne akanta, shi ma ya ajiye aiki, mai tsawo da ɗan rankwafawa, kuma ban taɓa ganinsa ba tare da wata jaka mai cike da rasit ba. Na ukun injiniya ne, shi ne ƙaraminsu, hutunsa na shekara ya ɗauka ya zo. Babu mai karɓar albashi a cikinsu. Dokar ƙasarsu ta ba su damar a mayar musu da abin da suka kashe a kan aikin ƙungiya, amma dukansu da aljihunsu suka sayi tikitin jirgi, don ma'aji ya ce ba zai iya tsayawa gaban mutanen da suka yi gudun famfalaki suka tara kuɗin ba ya gaya musu tikitinsa ne ya cinye rabin rufin aji.

A masaukinmu na Wagadugu ya zaunar da ni ya yi mini bayanin nauyin da ke kansu, wai don in san abin da nake fassarawa. A Ingila da Wales akwai hukumar da ke sa ido a kan ƙungiyoyin agaji, Charity Commission. A lokacin, ƙungiyar da kuɗin shigarta ya wuce fam 5,000 a shekara sai ta yi rajista, in ya wuce fam 25,000 kuma sai wani na waje da ba ruwansa da ita ya binciki lissafinta. Idan mai biyan haraji ya ba da fam ɗaya, ƙungiya na iya karɓo ƙarin kwata na fam daga hukumar haraji ta tsarin da suke kira Gift Aid. Duk wannan na saurara da rabin kunne. Abin da ya nanata har sau uku shi ne kuɗi mai sharaɗi: in wani ya ba da kuɗi ya ce don aji ne, to na aji ne, ko da rijiya ce ta fi zama lalura. Amintaccen da ya karkatar da su, ko da da kyakkyawar niyya, shi doka za ta tambaya. Sai daga baya na ga dalilin nanatawar. Akwai wata gwauruwa da ta ba su kuɗi masu kauri don a gina aji na huɗu a ƙauyen da za mu je, a kafa sunan marigayi mijinta a bango.

Mun fita da sassafe cikin watan Afrilu, tsakiyar zafi. Wagadugu gari ne na babura, mata da maza, har da masu goyo, suna kwarara ta gefen titi. Muka bi babbar hanyar gabas har Kupela, inda hanya ta rabu, muka karkata kudu zuwa Tenkodogo, titin da manyan motocin da ke ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Lome ke bi. Jar ƙasa, kaɗanya, kuka jefi-jefi, amalanken jakuna. Tafiyar ba ta kai kilomita 200 ba, amma mun isa a jigace.

Injiniya ne ya dage a fara zuwa Gando kafin ƙauyen da aikinsu yake. Tafiya ce kaɗan daga Tenkodogo ta hanyar ƙasa, ƙauyen Bisawa, kuma sunansa ya zagaya duniya saboda mutum ɗaya, Diébédo Francis Kéré. An haife shi a nan a 1965, ɗan sarkin ƙauyen. Gando ba ta da makaranta a lokacin, don haka yana ɗan shekara 7 aka tura shi Tenkodogo, inda ya yi karatu a ajin bulon siminti mai cunkoso da ƙarancin iska. A 1985 ya samu tallafin zuwa Jamus koyon kafinta, daga nan ya yi karatun dare har ya shiga jami'ar fasaha ta Barlin karatun zanen gine-gine. A 1998, yana ɗalibi, ya kafa ƙungiyar Schulbausteine für Gando tare da abokansa, suka riƙa tara kuɗi kaɗan-kaɗan. Aka gama makarantar a 2001. Ta ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 2004, shekarar da ya kammala jami'a, sannan a 2022 shi da kansa ya zama ɗan Afirka na farko da aka ba kyautar Pritzker, babbar kyautar masu zanen gine-gine ta duniya.

Na sha ganin hotonta, amma hoto ba ya ɗaukar zafi, kuma zafi ne dukan labarin ginin nan. Azuzuwa uku ne a jere, tsakanin kowane biyu akwai fili mai inuwa da yara ke zama. Bangon na bulon ƙasa ne, ƙasar wurin da aka gauraya da ɗan siminti aka matse da inji. Silin ɗin ma na bulo ne. A can sama da silin, da rata mai yawa, sai kwano, an ɗaga shi a kan sarƙaƙƙen ƙarfe da aka walda da rodi, irin rodin da kowane magini ya sani. Kwanon ya zarce bango ta kowane gefe, ya hana ruwan sama cin ƙasar, ya kuma hana rana dukanta. Iska na ratsawa tsakanin kwano da silin ta kwashe zafin kafin ya sauko kan yara. Mun shiga da rana tsaka, lokacin da waje ke neman narkar da mutum, ciki kuwa ana iya zama a yi tunani. Babu fanka, babu lantarki.

Dabarar rodin ta fi burge ni. Babu motar ɗaga kaya da za ta shigo ƙauye irin wannan, kuma manyan ƙarafa sai an yo odarsu daga nesa. Rodi kuwa mai walda na gari zai yanka da zarto ya haɗa, mutane su ɗaga da hannu. Mutanen Gando su suka yi aikin, maza da mata da yara, daga tara duwatsun tushe har ɗebo ruwa da daɓe. Injiniya ya rasa inda zai sa kansa, yana aune-aune da taku da tafin hannu, yana zane a bayan wata takarda.

Shugaba kuwa ba ta daɗe a azuzuwan ba. Can na hango ta ta nufi gidajen malamai, guda shida masu rufin baka, da aka gina bayan makarantar a 2004. Na bi ta don fassara. Ta zagaya su, ta leƙa tsakar gida, ta tambayi inda ake ɗibar ruwa da inda ake girki. Da muka juyo ta ce da ni, duk mai zuwa Gando rufi yake ɗauka a hoto, ita kuwa waɗannan gidajen ne suka gaya mata wanda ya tsara wurin ya san abin da ke kashe makarantar ƙauye. Yaran makarantar sun tashi daga 120 zuwa 700, har aka ƙara wasu azuzuwa, aka soma ɗakin karatu da aka yanka tukwanen ƙasa aka jera a rufinsa don haske ya shigo. Ta ce yara ɗari bakwai ba sa taruwa inda malami ba ya kwana.

Ma'aji tambaya ɗaya ya yi ta yi wa duk wanda ya tsaya: in abu ya lalace, wa ke gyarawa? Amsar dai ita ce waɗanda suka gina suna nan a garin, sun san yadda aka yi.

Washegari muka nufi nasu ƙauyen, wanda ya fi Gando nisa daga kwalta. A hanya muka wuce wata makaranta da wata ƙungiya ta gina wasu shekaru da suka shige. Allon marmara na nan daram da sunayen masu taimako, amma iska ta yaye rabin kwanon, tagogi sun tafi, awaki na kwance a aji. Yaran suna ƙarƙashin wata rumfar zana a gefe da malami ɗaya. Shugaba ta sa direba ya tsaya, ta fita ta duba, ta dawo ba ta ce komai ba. Ma'aji ya ce ƙungiyar da ta gina wannan, a littafinta aikin ya yi nasara, don ranar da aka yanke ƙyalle aka rufe fayil.

Tasu makarantar azuzuwa uku ce na bulon siminti da kwano kai tsaye, babu silin, irin wadda ake gani ko'ina. Ginin lafiyayye ne, ɗan kwangila bai yi ha'inci ba. Na bi takardarsa layi-layi, na ƙwanƙwasa bango, na ƙirga tagogi da ƙofofi, ma'aji na biye da ni yana sa alama. Mun samu tsagewa a daɓen aji ɗaya da tagogi biyu da ba sa rufuwa, aka ce za a riƙe ragowar kuɗinsa har ya gyara, ya amince ba gardama. Sai dai wanda ya fito daga Gando jiya ba zai shiga ajin nan ya yi shiru ba. Kafin azahar ya zama tanda. Yara sun kwanta a kan benci, malama na fifita da littafi, kwano na ƙara don zafi. Injiniya ya tsaya a tsakiya yana kallon sama, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

Aka yi taro a gindin bishiya: sarkin ƙauye, ƙungiyar iyayen yara, ƙungiyar iyaye mata, hedimasta da malamai biyu. Magana sai ta bi baki uku kafin ta isa, daga harshen gari zuwa Faransanci a bakin hedimasta, daga ni zuwa Turanci, sannan ta koma ta hanyar da ta zo. Irin wannan taro na koya wa mutum haƙuri, kuma yana tace surutu, don wanda ya san sai an juya maganarsa sau biyu ba ya yawan kwana-kwana.

Shugaba ta sanar da albishir ɗin aji na huɗu. Aka yi tafi, sarki ya yi godiya mai tsawo. Sannan hedimasta ya gyara murya. Ya ce aji abin so ne, domin makaranta mai azuzuwa uku ba ta iya ɗaukar sababbin yara kowace shekara alhali firamare shekara shida ce, sai dai a ɗauka bana a tsallake baɗi, yaron da ya faɗa shekarar tsallake ya jira. Amma gwamnati ce ke turo malamai tana biyansu, kuma malamin da aka turo ƙauyen da babu wurin kwana, ko dai ya zauna a gari ya riƙa zuwa a babur, ko ya fara neman canji tun ranar da ya iso. Abokan aikinsa biyu daga gari suke zuwa. Da ruwa ya fara sauka rafi ke yanke hanya, ranar da ya cika babu karatu, kuma lokacin ne 'yan ajin ƙarshe ke shirin jarrabawar fita. Shi kansa a ɗakin ajiyar kaya yake kwana, tsakanin buhuna da karyayyun benci, iyalinsa na can wani gari. Ya ce in aka gina aji na huɗu bai ga malamin da zai shiga cikinsa ya zauna ba.

Sai wata dattijuwa daga ƙungiyar iyaye mata ta miƙe, ba a ba ta dama ba ta ɗauka. Ta ce makarantar ba ta da ban-ɗaki ko ɗaya. Yara maza na zagayawa bayan gini, 'yan mata kuwa da sun fara girma sai su fara fashi, daga fashi sai zaman gida. Ta ce ita ba ta san kuɗin aji ba, amma ta san rami bai kai shi tsada ba. Mata suka yi guɗa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma babu ɗaya daga cikin abubuwan nan biyu da ya taɓa fitowa a rahoton da ake aika wa kwamiti, don rahoton amsar tambayoyin da kwamiti ya yi ne, su kuma ba su taɓa tambaya ba.

Abin da shugaba ta yi a nan ya tsaya mini a rai. Da ta ce an yi, da an ɗauke ta a kafaɗa. Sai ta ce ta ji, ta rubuta, amma ba za ta yi alkawari ba, domin kuɗin ba nata ba ne kuma su uku ba su ne kwamiti ba. Na fassara, na ga fuskoki sun sauya. Hedimasta ya juya maganar zuwa harshen gari a taƙaice, ya fi ni saurin gamawa, ina jin ya rage mata kaifi.

Da dare a Tenkodogo aka yi ta. Injiniya ya ce a ɗauki kuɗin gwauruwar a yi gidan malamai da ban-ɗaki, ragowar a ɗaga rufi, ai da mijinta na raye ya ga abin da suka gani da kansa zai ce a yi haka. Ma'aji ya ce shi bai san abin da mamaci zai ce ba, ya san abin da mai rai ta rubuta, kuma takardar na cikin jakarsa. Injiniya ya ce to a gina ajin da zai zama ɗakin awaki kenan don takarda ta yi kyau. Ma'aji ya ce a'a, ba za a gina ba kuma ba za a karkatar ba, kuɗin zai zauna a banki har mai shi ta sake magana, in ta ƙi a mayar mata. Murya ta ɗan tashi. Ni ba ni da ƙuri'a, amma ra'ayin ma'aji na bi, har yanzu kuma shi nake bi. Ƙungiya irin wannan ba ta da gona, ba ta da masana'anta, abin da take da shi kawai shi ne mutane sun yarda in sun ce aji za a yi aji. Ranar da amintattu suka fara yanke wa masu bayarwa hukunci a bayan idonsu don sun fi su sanin daidai, ko da sun fi su ɗin, sun buɗe ƙofar da wanda zai gaje su zai bi da nasa daidai ɗin. Injiniya ya fi shi gaskiya a kan abin da ƙauyen ke buƙata, wannan ba ja. Amma sanin buƙata bai ba mutum mallakar kuɗin ba.

Kan rufi ma sun ja. Ɗaga kwano irin na Gando na cin ƙarfe da walda fiye da rufin da aka saba, ga silin na bulo, ga horar da magina. Ma'aji ya ce in aka bi wannan hanya za su riƙa gina ƙasa da abin da suke ginawa a shekara, kuma masu bayarwa adadi suke so su ji. Shugaba ta ce ita ta koyar shekaru masu yawa, ta san yaron da zafi ya kwantar ba ya cikin aji ko da an kira sunansa ya amsa. Aka bar maganar a kan injiniya ya kawo lissafi a rubuce.

A daren ta zauna ta rubuta wa gwauruwar wasiƙa da hannu. Ta karanta mana. Babu roƙo a ciki, babu labarin tausayi. Ta faɗi abin da hedimasta ya ce, da abin da dattijuwar ta ce, da inda hedimasta ke kwana, ta ce kuɗinki na nan ba a taɓa ba, ga zaɓi uku: aji kamar yadda kika ce, ko gidan malamai da ban-ɗaki, ko a dawo miki da abinki. Kafin mu bar yankin kuma ta nemi ganin sufeton ilimi, ta tambaye shi ko ofishinsa zai rubuta cewa in an yi gida za a turo malami na huɗu. Ya ce zai rubuta cewa ya nemi a turo, abin da ke hannunsa kenan. Ta karɓi hakan.

Na rabu da su a filin jirgin Wagadugu. Bayan wasu watanni ma'aji ya aiko mini da bayanin zaman kwamiti. Matar ta amince da gidan malamai, da sharaɗin a kafa sunan mijinta a jikinsa, ban-ɗaki kuwa ta ce ba za ta haɗa sunansa da shi ba, sai aka biya shi daga asusun da ba shi da sharaɗi. Kwamitin ya kuma sa sabuwar ƙa'ida: ba za a ƙara karɓar buƙatar aji ba sai da takardar sufeto, da bayanin inda malami zai kwana, da zama na dabam da iyaye mata, kuma a kowane aiki za a ware wani kaso don gyara. An amince a gwada ɗagaggen rufi a makaranta ɗaya. Ma'aji ya ƙi amincewa da gwajin, aka rinjaye shi, ya rubuta hakan da kansa a bayanin zaman.

Yanzu irin wannan tafiya ta gagara. A 2023 makarantu sama da 6,000 ne ke rufe a Burkina Faso saboda rashin tsaro, kusan ɗaya cikin huɗu na makarantun ƙasar, yara kimanin miliyan ɗaya abin ya shafa. Amintattun ba sa iya zuwa su ƙwanƙwasa bango da hannunsu. Suna sakin kuɗi kashi-kashi ta hannun wata ƙungiyar cikin gida, tushe dabam, bango dabam, rufi dabam, ba a sakin na gaba sai hotuna da rasit sun iso, hedimasta da shugabar iyaye mata sun sa hannu.